Bambancin SMS da iMessage da RCS da WhatsApp, da kuɗin da kowanne ke ci

Saƙonnin da ake aikawa ta wayar hannu suna bin hanyoyi daban-daban, kuma hanyar da saƙo ya bi ita ke nuna kuɗin da za a cira da irin sirrin da zai samu. Sanin wannan na da amfani ga ɗan kasuwar da ke hulɗa da ƙasashen waje da ma'aikacin da ke jiran sanarwar shigowar albashi.

SMS

Wannan shi ne gajeren saƙon da aka fi sani da tes. An aika na farko a Ingila ranar 3 ga Disamba, 1992, a kan layin Vodafone. Yana bin layin kamfanin sadarwa ne kai tsaye, don haka ba ya buƙatar data, kuma yana isa ga kowace irin waya, har da ƙaramar mai maɓallai.

Shafi ɗaya na SMS yana ɗaukar haruffa 160. Sai dai haruffan Hausa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba sa cikin jerin haruffan da aka gina tsarin a kansu. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga saƙo, shafin kan ragu zuwa haruffa 70. Saƙo mai haruffa 150, wanda da an biya kuɗin shafi ɗaya a kansa, sai ya koma shafi uku. Haka ma idan aka sa ɗan hoton fuska mai murmushi.

A Najeriya, Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ƙayyade farashin saƙo a Naira 4 a 2013. Bayan ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, farashin ya koma Naira 6, bankuna ma suka ɗaga kuɗin alat zuwa haka. Tura SMS zuwa lambar wata ƙasa kuwa ya fi wannan tsada nesa ba kusa ba.

iMessage

Kamfanin Apple ne ya fito da shi a 2011, kuma yana aiki ne tsakanin na'urorin kamfanin kawai. Yana bin intanet, kuma saƙon yana kulle tun daga wayar mai aikawa har ta mai karɓa. Launi shi ne alama: shuɗi na nufin iMessage, kore kuma na nufin saƙon ya bi wata hanyar. A nan mutane ke asara, domin idan intanet ta yanke, wayar na iya mayar da saƙon SMS matuƙar an bar mata wannan zaɓin a buɗe. In lambar ta Dubai ce ko Landan, kuɗin saƙon ƙasar waje za a cira.

RCS

Tsari ne da ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta duniya, GSMA, ke kula da shi domin ya gaji SMS. Yana ɗaukar hoto da bidiyo masu kyau, yana kuma nuna an karanta saƙo. Google ne ya yaɗa shi a wayoyin Android, sannan Apple ya karɓe shi a watan Satumban 2024, amma a iPhone ba ya aiki sai kamfanin layin mutum ya ba da dama.

WhatsApp da takwarorinsa

An kafa WhatsApp a 2009, Facebook ya saye shi a 2014, kuma tun 2016 saƙonninsa ke kulle. Data kawai yake ci, kuma kuɗin tura saƙo daga Kano zuwa Kaduna daidai yake da na turawa zuwa Makka.

Me ya sa ƙasashe suka bambanta?

Farashi ne ya raba su. A Amurka an daɗe ana biyan kuɗin wata-wata da ya ƙunshi saƙonni ba iyaka, shi ya sa jama'a suka tsaya a kan manhajar da ta zo da waya. A Najeriya da Indiya da Brazil da yawancin Turai, inda aka saba biyan kuɗin kowane saƙo, sai aka karkata ga WhatsApp. Tarayyar Turai ta ƙayyade farashin SMS tsakanin ƙasashenta a santi 6 na Yuro tun 2019. A China kuwa WeChat ne ke gaba, a Japan LINE, a Koriya ta Kudu kuma KakaoTalk.

Abin lura

SMS ba shi da kulle irin na WhatsApp, kuma 'yan damfara na iya aika saƙo da sunan banki. Saboda haka alat ɗin tes kaɗai bai isa hujjar sakin kaya ba, sai an duba asusu. Wanda kuma saƙonnin talla suka dama a Najeriya zai iya tura kalmar STOP zuwa 2442 domin dakatar da su.