Daga Malfar Jaji Zuwa Kujerar Farfesa: Mata da Albashi a Jami'o'in Arewa

Koyarwar mata ta daɗe a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793–1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jajoji, ta ba kowace malfa, su zagaya ƙauyuka suna karantar da mata. Ladan aikin na lahira ne, babu batun albashi.

Zuwan boko ya sauya lissafin. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, ta maza ce zalla. Makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina sai wajen 1930 suka samu, kuma sun fi karkata ga ɗinki da tsabta da kula da gida. Don haka lokacin da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, 'yan matan Arewa da suka kai matakin shigarta ba su taka kara sun karya ba. Wannan jinkiri ya bi su har zuwa shugabanci. Sai a 1985 mace ta fara shugabantar jami'a a Nijeriya, wato Farfesa Grace Alele-Williams a Jami'ar Benin. Daga baya Farfesa Gambo Laraba Abdullahi ta riƙe Jami'ar Abuja, Farfesa Fatima Batul Mukhtar kuma ta karɓi Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2016.

A fuskar doka an rufe ƙofar bambanci. Nijeriya ta amince da Yarjejeniya ta 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1974, sashe na 17 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya tanadi biya ɗaya ga aiki ɗaya. Jami'o'in tarayya suna biyan malamai bisa ma'auni guda mai hawa bakwai, mace da namiji duk ɗaya.

Giɓin yana ɓoye a hawan tsanin. Ƙarin girma yana buƙatar digirin digirgir da wallafa bincike da halartar taruka, a daidai shekarun da haihuwa da reno suka fi nauyi a kan mace. Wadda ta makale a hawa na uku za ta yi ritaya da abin da bai kai na abokin karatunta farfesa ba. Saboda haka mai nazarin wannan tarihi ya ƙirga mata nawa ne a kowane hawa, da shekarun da kowace ta yi kafin ta kai shi.