TAKIN GIDA DA TAKIN ARO

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Jama'a, duk wanda ya tashi a ƙasar Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu, ya san ba mu da wata sana'a da ta wuce noma. Amma yau in ka tambayi tsohon manomi, sai ya ce maka gonar da ubansa ke cika rumbu da ita, shi ko rabi ba ya samu. To, me ya kawo haka? Bari mu ɗan waiwaya baya.

Kakanninmu ba su san buhun taki ba. Da rani sai a yi ta jidar takin gida a mangala, jaki ya kai gona. In an gama girbi, Bafillace ya sauka da shanunsa a gonar, su ci kara su bar kashi, mai gona kuma ya sallame shi da damin dawa. Gona ɗaya za ka ga gero da dawa da wake, wani lokaci har da gyaɗa, in wannan ya ƙi wancan ya yi. Ga gawo a tsaye, ba mai sare shi, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, kuma hatsin gindinsa ya fi na ko'ina kyau. Gonar da ta gaji kuwa a bar ta ta zama saura, ta huta.

Da jirgin ƙasa ya ratso Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sai auduga da gyaɗa suka yi daraja, aka kafa injin gurzar auduga a Gusau, kuɗi suka shigo, daji ya fara ja da baya. Ana nan sai ga farin 1973, bayansa kuma cutar da ta cinye gyaɗa a 1975. Manomi ya shiga wani hali.

A wannan shekara ta 1975 ne gwamnati ta karɓo rancen Bankin Duniya, aka buɗe manyan ayyukan gona guda uku, na farko a Nijeriya: Funtuwa, da Gusau, da Gombe. Gaskiya dai aikin ya yi rana. An fasa hanyoyin karkara, an gina cibiyoyin sayar da taki da iri, an baza malaman gona a kan babura. Takin zamani ya yi arha, don gwamnati ce ke ɗauke mafi yawan kuɗinsa. Masara, wadda a da sai a bayan gida ake shuka ta don gasawa, ta fita fili ta zama abin cika buhu.

Amma fa a nan gizo ke saƙar. Shawarar da aka kawo ita ce a shuka abu ɗaya a gona, a zuba taki. Alhali binciken da masana suka yi a Samaru ta Zariya ya riga ya nuna cewa haɗa shuka ya fi wa ƙaramin manomi riba da kwanciyar hankali. Sa'an nan malamin gona ya fi zuwa wurin mai babbar gona, mai shanun huɗa, mai ido da sani. Talakan da ke can ƙauyen ƙayau, sai dai ya sayi tiya a kasuwa. Mu kuma duka muka saki jaki da mangala, muka kama buhu.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. A 1986 aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu, naira ta faɗi, aka rushe hukumomin sayen auduga da gyaɗa. A 1996 aka ba mu jihar Zamfara, aka yi mata take da noma, amma shekara guda bayan haka, wato 1997, gwamnatin tarayya ta janye tallafin taki. Ko da aka maido da wani abu daga baya, arhar nan ba ta dawo ba. Manomi ya juyo ga gonarsa, ya tarar ta saba da buhu. Domin takin zamani shuka yake ciyarwa, ba ya gina ƙasa. In babu kashin dabba da ruɓaɓɓen ganye, ƙasa sai ta koma rairayi, ba ta riƙe ruwa, wuta-wuta ta samu wurin zama.

Abin da ya fi ciwo shi ne, shanun da ke takin gonar ma an raba mu da su. Gona ta ci burtali, ta ci makiyaya, zumuncin manomi da makiyayi ya yi tsami. Tun wajen 2011 ga ta'asar 'yan bindiga, har ta kai wasu ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu sai sun biya kuɗi kafin su shuka, su sake biya kafin su girbe. Wanda bai tabbata zai ci amfanin bana ba, ina zai yi tunanin gyaran ƙasa don baɗi?

Duk da haka kada mu yanke ƙauna. Ga 'yan'uwanmu na Maraɗi, ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa. Tun wajen 1984 suka fara barin tohon kututture a gona, suna rage rassa su bar masu ƙarfi. Ba rance, ba buhu, yau ga itatuwa sun dawo gonakinsu.

Ni ban ce a jefar da takin zamani ba. Cewa na yi a haɗa shi da na gida, a bar gawo ya tsaya, a maido wake cikin dawa, hukuma kuma ta fara da tsaro da sulhu, sa'an nan malamin gona ya nemi mai ƙaramar gona tun kafin mai babba. Ƙasar nan amana ce, gadonta muka yi, kuma wasu na jiran su gada a hannunmu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.