Darasin Farko na Sinanci: Tarihin Abin da Ake Koya wa Ƴan Sakandare

1. Gabatarwa

Kusan duk littafin koyon Sinanci da aka tsara domin ƴan sakandare, abu uku yake fara gabatarwa: daidaitaccen lafazi, da rubutun boko da ake kira pinyin, da alamomin rubutu da aka rage wa zane. Daga nan sai a shiga sashen al'ada, a ba yaro labarin Konfushiyas da Babbar Ganuwa da bikin sabuwar shekara, har ya ɗauka duk abin da ke cikin littafin ya shekara dubbai. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa waɗannan abubuwa uku hukuma ce ta tsayar da su a ƙarni na 20, kuma ya kamata a faɗa wa ɗalibi haka.

2. Wane Sinanci?

Har zuwa farkon ƙarni na 20, masu ilimi a ƙasar Sin da tsohon harshen adabi suke rubutu, wanda ba wanda ke magana da shi a kasuwa. Ta fuskar magana kuwa, mutumin Kanton da na Bejin ba su jin juna. A 1905 aka soke jarrabawar zama ma'aikacin sarki, wadda ita ce ginshiƙin wancan harshe. Bayan faɗuwar sarauta, an yi taron daidaita lafazi a 1913, sannan a 1920 ma'aikatar ilimi ta umarci a koyar da ƙananan azuzuwan firamare da harshen yau da kullum. A 1955 da 1956 gwamnatin kwaminis ta tsayar da abin da ta kira putonghua, wato "maganar kowa da kowa", bisa lafazin Bejin. Shi ne Sinancin da ke cikin littafin ɗalibi.

3. Rubutun

Baƙi ne suka fara rubuta Sinanci da baƙaƙen Latin, don amfanin kansu. Matteo Ricci ya gwada a 1605, Nicolas Trigault a 1626. Ingilishi suka bi tsarin Wade da Giles, Faransawa suka yi nasu a 1902, shi ya sa suna ɗaya ke fitowa da fuska biyu ko uku a tsofaffin littattafai. Pinyin kuwa aikin ƴan ƙasa ne, wani kwamiti da Zhou Youguang ya yi fice a cikinsa, majalisar ƙasa ta amince da shi ranar 11 ga Fabrairu 1958. Hukumar ISO ta karɓe shi a 1982.

Pinyin yana ɗora alama kan wasali don nuna karin sauti: gaɓar ma tana iya zama uwa, ko rama, ko doki, ko zagi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda da kari kaɗai yake bambanta kukan yaro da itacen kuka. Sai dai mu ba mu nuna kari a rubutunmu, su kuwa tun ranar farko suke nuna wa mai koyo.

An yi tunanin pinyin zai maye gurbin alamomin gargajiya, amma hakan bai faru ba. Abin da aka yi shi ne rage musu zane: tsarin farko ya fito a 1956, cikakken jeri mai alama sama da 2,000 a 1964. Taiwan da Hong Kong ba su bi ba, har yanzu da tsofaffin alamomi suke rubutu.

4. Yadda darasin ya iso aji

A Turai, kujerar farko ta koyar da Sinanci an kafa ta a Collège de France a 1814, aka ba Abel-Rémusat, amma karatun manyan malamai ne masu tonon tsofaffin littattafai. Sai a 1958 harshen ya shiga wata lise ta Faransa, a Montgeron. A can Sin ɗin, an buɗe ajin ɗalibai baƙi a jami'ar Tsinghua a 1950, domin ƴan gabashin Turai. Cibiyar Konfushiyas ta farko an buɗe ta a Seoul a 2004, kuma ta wannan hanya littattafai da malamai na Bejin suka bazu a duniya. Afirka ta Kudu ta sa Sinanci cikin darussan zaɓi na makarantunta a 2016.

5. Kammalawa

Tarihin Nijar kansa ya nuna cewa siyasa ba ta rabuwa da wannan darasi. Ƙasar ta ƙulla hulɗa da Bejin a 1974, ta koma wajen Taiwan a 1992, ta dawo a 1996. Da an buɗe aji a Yamai ko Damagaram a tsakanin waɗannan shekaru huɗu da malamai daga Taiwan, da tsofaffin alamomi yara za su koya.

Saboda haka muna ganin darasin farawa bai cika ba in bai ƙunshi wannan tarihi ba. Ɗalibin da ya san cewa Hausa ta yi ajami kafin boko, kuma sai da aka zauna a Bamako a 1966 aka tattauna baƙaƙenta, ba zai sha wuyar fahimtar abin da ya faru a Bejin a 1958 ba. Zai gane cewa daidaitaccen harshe mutane ne ke zama su tsara shi, kuma wanda ya buga littafin shi ya zaɓi abin da za a kira al'ada a ciki. Aikin da ya rage wa masu nazarin harshe a jami'o'inmu shi ne tsara darasin da zai tashi daga Hausa kai tsaye zuwa Sinanci, ba sai an ratsa ta Faransanci ba, harshen da ba ya bambanta kalmomi da kari.