Mai shayarwa da tarihin estrojen

A Bugaje da ƙauyukan Jibiya, tsofaffinmu sun daɗe da sanin cewa mai shayarwa takan jima ba ta ga al'ada ba, shi ya sa kwanika ke jawo tsegumi. Inda umarnin yake fitowa kuwa ya ɗauki masana shekaru.

A 1971 Andrew Schally ya gano tsarin GnRH, sinadarin da wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke saki don mace ta yi ƙwai. A 1978 Ernst Knobil ya nuna a jikin birai cewa kaɗan-kaɗan ake sakinsa, kusan kowace awa. In ya kwarara ba yankewa, aikin ya tsaya.

Sai aka cije. Estrojen ne ke rage sakin, ya kuma ingiza shi gab da fitar ƙwai, amma ƙwayoyin GnRH ba su da babbar ƙofar da yake shiga. To wa ke kai saƙon? A 2003 likitoci a Faris da Boston, suna binciken wasu iyalai da 'ya'yansu suka kasa balaga, suka kai ga kisfeftin. Ƙwayoyinsa ne ke jin estrojen su isar, kuma an ga tsotson nono yana rage shi a jikin ɓeraye.

Mu marubuta mukan sa jarumarmu ta dogara da shayarwa har yaye. Taron Bellagio na 1988 wata shida kawai ya lamunta, in nono zalla ake ba jariri kuma al'ada ba ta dawo ba.