Tarihin Waya Mai Zugewa da Ɗan Sifirin da Ke Tura Murfinta

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Sai dai galibi idan muka tashi waiwaye, sarakuna da yaƙe-yaƙe da manyan birane muke hange, mu manta da ƙananan abubuwan da muka yi shekaru muna yawo da su a aljihu. A wannan ɗan rubutu ina so in jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai zuwa ga wani ƙarfe da bai kai tsawon tsinken ashana ba, watau sifirin da ke cikin wayar hannu mai zugewa, irin wadda ake tura murfinta da babban yatsa ta buɗe.

Abin da ya kai ni ga wannan bincike kuwa shi ne, a hutun da ya wuce mahaifiyata ta buɗe akwatin marigayi mahaifinmu, wanda ya rasu ina ɗan firamare. A ƙarƙashin hulunansa muka tarar da wayarsa mai zugewa, wadda ya saya a 2006. Umma ta ce a cikinta akwai hotunan ranar sunan ƙanwata, har da wanda yake riƙe da ita, kuma babu su a wani wuri a duniya. Na samo batir na kunna. Madannai suka kawo haske, amma fuskar wayar ta yi fari fat, ba a ganin komai. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, da na ɗan tura murfin sai ya ƙwace daga yatsana ya ƙarasa da kansa, ya ce ƙas, kamar jiya aka saye ta.

Washegari na kai ta Kasuwar Waya ta Fam Santa a Kano, wurin wani dattijo mai gyara. Ya juya ta a hannu ya yi murmushi, ya ce, "Ɗan samari, ina ka tono wannan? Rabona da irinta an daɗe." Ya kwance ta a gabana, ya nuna mini ɗan sifirin da bakin sukundireba. Tun daga ranar na shiga bin sawun wannan ƙarfe.

Matsalar da ta haifi murfi

Sifirin dai ba baƙon abu ba ne. Duk wanda ya taɓa ɗana tarkon ɓera, ko ya ja baka ya saki kibiya, ya san cewa akwai abin da ke ajiye ƙarfin da aka sa masa, ya mayar da shi in an sake shi. Wani masani na Ingila, Robert Hooke, shi ya bayyana ƙa'idar abin a rubuce a 1678, cewa gwargwadon yadda aka ja sifirin ko aka matse shi, gwargwadon ƙarfin da zai mayar ke nan. Sai bayan shekara ɗari uku da wani abu wannan ƙa'ida ta sami gurbi a cikin wayar hannu.

Wayoyin farko ba su bukaci murfi ba, domin ba aljihu ake sa su ba. Ranar 3 ga Afrilu, 1973, Martin Cooper na kamfanin Motorola ya yi kira na farko da wayar hannu a birnin Niyok na Amurka. Wadda kamfanin ya fitar bayan shekara 10, watau DynaTAC 8000X, nauyinta ya doshi kilo guda. Da waya ta fara ƙanƙancewa sai wahala biyu suka ɓullo. Ta farko, madannai suna dannuwa a aljihu, waya ta kira mutum ba da sanin mai ita ba. Ta biyu, in waya ta gajarta, sai ta kasa kaiwa daga kunne zuwa baki. Ana bukatar waya gajeruwa a aljihu, doguwa a kunne.

Motorola ta amsa da murfi mai buɗewa kamar littafi, a MicroTAC ta 1989 da StarTAC ta 1996. Kamfanin Nokia na ƙasar Finlan kuwa sai ya bi wata hanya dabam.

Majigi ya riga masana'anta

A 1996 Nokia ta fitar da waya mai lamba 8110. Jikinta a lanƙwashe yake, shi ya sa mutane suka laƙaba mata sunan ayaba. Tana da murfi da ke rufe madannai. In an yi kira sai a ja murfin ƙasa, jan nan shi ne amsa kira, kuma shi ke kawo wurin magana kusa da baki. To amma da hannu ake jan murfin tun daga farko har ƙarshe, babu sifirin a cikinta.

A nan ne tarihin ya yi wata 'yar kwana mai ban dariya. A 1999 aka nuna fim ɗin The Matrix a Amurka, inda ɗan wasa Keanu Reeves ya riƙe wannan waya, murfinta ya faso da kansa. Masu shirya fim ɗin ne suka sa wa tasu wayar sifirin don abin ya ƙayatar. Wanda ya gani a majigi ya je kanti ya sayi 8110, sai ya iske tasa ba ta yin haka. A cikin shekarar ne Nokia ta fitar da 7110, wadda ke da sifirin na gaske. Akwai ɗan maɓalli a bayanta, in an danna shi da manuniya sai murfin ya sauka da kansa.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa sifirin na 7110 aikin tarko yake yi. Rufe murfin da hannu shi ne ɗana tarko, danna maɓalli shi ne sakinsa. Ta gefe ɗaya kurum yake taimako, watau wajen buɗewa. Kuma murfi kaɗai ke motsi, fuskar waya da madannai suna nan a jiki guda.

Waya ta rabu gida biyu

Mataki na gaba shi ne raba wayar kanta gida biyu, fuska a sama, madannai a ƙasa, na sama yana zamewa a kan na ƙasa. Kamfanin Siemens na Jamus yana cikin waɗanda suka fara wannan, da SL10 a 1999, sa'an nan 'yar ƙarama SL55 a 2003. Dalilin wannan sauyi shi ne, a lokacin an fara sa hoto mai launi da kyamara a waya, mutane suna son fuska babba, alhali kuwa ba su yarda waya ta ƙara girma ba. Fuska da madannai suna rigimar fili ɗaya, sai aka ɗora ɗaya a kan ɗaya, kamar yadda mai ƙaramin fili ke gina bene.

Kamfanonin Koriya ta Kudu su suka fi cin kasuwar wannan fasali. Samsung ta fitar da D500 a ƙarshen 2004, LG kuma ta bazu a duniya da Chocolate a 2006. Nokia ta kawo 8800 a 2005, mai jikin ƙarfe, wadda aka sa wa boris a hanyar zugewarta don ta yi santsi. A 2007 ta fitar da N95 mai zugewa ta fuska biyu: in an tura sama madannan lamba su bayyana, in an ja ƙasa madannan kiɗa su fito. Wannan zamani ya zo daidai da yaɗuwar waya a Nijeriya, domin a watan Agusta na 2001 ne layukan GSM suka fara aiki a ƙasar. Shi ya sa da yawa cikin iyayenmu da yayyenmu, wayarsu ta farko mai kyamara mai zugewa ce.

Yadda abin ke aiki

Ga abin da dattijon nan ya nuna mini. Akwai farantai biyu na siririn ƙarfe, ɗaya a ɗaure da gidan sama, ɗaya da gidan ƙasa. Gefen ɗaya yana shiga cikin kwarin ɗaya, yana bin sa kamar jirgin ƙasa a kan dogo. A tsakaninsu sifirin yake kwance, siririyar waya ce da aka naɗe a tsakiya aka bar mata hannu biyu, kamar na tarkon ɓera. Hannu ɗaya a kafe yake a farantin sama, ɗaya a na ƙasa.

In waya tana rufe, hannayen a buɗe suke, suna tokare murfin don kada ya zame a aljihu. In mutum ya fara turawa, sai hannayen su matso juna, sifirin ya matsu, yana gardama da yatsa. A tsakiyar tafiya ne matsuwar ke kai maƙura. Da an gota tsakiyar ko da kaɗan ne, sai sifirin ya sami hanyar buɗewa ta ɗaya gefen, ya tura murfin har ƙarshe. Misalinsa kamar mai tura kurar ruwa ne a kan tudu: wahala wajen hawa take, in ya kai ƙololuwa kura ita za ta ja shi zuwa gangare. Haka abin yake wajen rufewa. Saboda haka murfin ba ya son zama a tsakiya, ko dai a buɗe sarai ko a rufe ruf. Wannan shi ya bambanta shi da na 7110, domin shi yana taimako gaba da baya, kuma ba ya bukatar maɓalli.

To amma raba waya gida biyu ya zo da nasa ciwo. Dole wuta da saƙo su riƙa tafiya daga gidan ƙasa zuwa fuskar da ke sama. Abin da ke ɗaukar su wani siririn kirtani ne mai faɗi kamar zaren kaset, wanda masu gyara ke kira fileks. Duk zugewa ɗaya sai ya lanƙwashe ya miƙe. Yau da gobe sai siraran hanyoyin tagulla da ke cikinsa su tsinke. Na ce, "Baba, ashe ba sifirin ne ke lalacewa ba?" Ya ce, "Ina! Sifirin ya fi mai wayar daɗewa. Fileks ne ke kashe su, sai kuma ƙurar hunturu in ta cika dogon."

Faɗuwar kasuwa

Ranar 9 ga Janairu, 2007, Steve Jobs na kamfanin Apple ya nuna wa duniya iPhone, wadda madannanta ke fitowa a kan gilashi su ɓace in an gama da su. Ba nan take mai zugewa ta mutu ba. Wayar Android ta farko, HTC Dream ta 2008, tana da madannan rubutu da ke ɓoye a ƙarƙashin fuska, ana turawa su bayyana. BlackBerry ma ta yi Torch a 2010. Sai dai rigimar fili da ta haifi zugewa ta riga ta ƙare. In gilashi ɗaya zai zama fuska ya kuma zama madannai, ba a bukatar bene. Waya mai jiki ɗaya ta fi siranta, ta fi sauƙin ƙerawa, ta fi sauƙin tsarewa daga ruwa da ƙura, kuma ba ta da kirtanin da ke lanƙwashewa kullum.

Kamfanonin ma zamani ya juya musu baya. Siemens ta miƙa sashen wayarta ga BenQ a 2005, Nokia ta sayar da nata ga Microsoft a 2014, LG ta daina ƙera waya a 2021. An ɗan yi ƙoƙarin farfaɗo da fasalin a 2018, sa'ad da HMD Global ta sake fitar da 8110 cikin launin rawaya da baƙi, Xiaomi ta ƙasar Sin kuma ta yi Mi Mix 3, wadda aka sa wa maganaɗisu a gurbin sifirin. Duk da haka kasuwa ba ta komo ba.

Kammalawa

Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, ba gazawa ce ta kawar da ɗan sifirin nan ba. Ya yi aikinsa daidai, har yau ma yana yi a wayar mahaifina. Matsalar da aka ƙirƙiro shi dominta ce ta gushe, sai aka bar shi da ƙarfinsa. Wannan hali ya sami sana'o'i da kayan aiki da dama, kuma galibi ba a rubuta labarinsu, domin masu saninsa suna bakin teburin gyara ne, ba sa rubutu. Ilmin da dattijon nan ya ba ni cikin rabin sa'a, yaran shagonsa biyu ba su taɓa jin sa ba, don ba a kawo musu irin wannan waya.

Game da wayar kuwa, ya ce in dawo bayan mako guda. Da na koma na iske ya zazzage wani buhu na matattun wayoyi, ya sami irinta wadda ruwa ya kashe, ya ciro fileks ɗinta ya sa wa tamu. Ya miƙo mini ya ce, "Tura mu gani." Na tura, murfin ya ce ƙas, fuska ta kawo haske. Hotuna 11 ne a ciki, ƙanana, masu dishi-dishi. A na huɗu ga mahaifina cikin farar riga, riƙe da jaririya, ni kuma ina tsaye na kama gefen rigarsa. Muka kwashe su zuwa kwamfuta a ranar, domin dattijon ya gargaɗe ni cewa ba shi da wani fileks ɗin in wannan ya tsinke. Na tambaye shi kuɗin aiki, ya ce in kai wa Umma tukuna ta gani, in yi wa mai wayar addu'a. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, amin.