Blenheim T1867: jirgin yaƙin da ya ɓace a hamada a 1941, sai 1959 aka gan shi

Blenheim T1867 jirgin sama ne mai jefa bama-bamai na sojojin Faransa Mai 'Yanci, wato waɗanda suka bi Janar Charles de Gaulle a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya ɓace ranar 5 ga Fabrairu 1941 a hanyarsa ta dawowa daga harin da aka kai wa Italiyawa a Kufra, kudu maso gabashin Libiya. Mutum uku ne a cikinsa: matuƙi Saje Georges Le Calvez, da mai duba hanya, ƙaramin laftana Gérard Claron, da Saje Fernand Devin mai riƙe da rediyo da bindigar jirgin. Ba wanda ya tsira.

Asalin lamarin yana komawa ga watan Agusta na 1940. Bayan Jamus ta ci Faransa da yaƙi, gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bayyana goyon bayansa ga de Gaulle ranar 26 ga wata. Washegari Leclerc ya karɓe Duwala, Kamaru ma ta bi sahu. Da haka Fort-Lamy, Injamena ta yau, wadda ke fuskantar Kuseri a ƙetaren kogi, ta zama sansanin yaƙi. Daga Maga zuwa can bai kai kilomita 200 ba.

Jiragen kuwa ƙirar Ingila ne, na kamfanin Bristol. A cikin akwatuna ake kawo irinsu ta teku zuwa Takoradi a Gana ta yau, a haɗa su, sannan su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri. A watan Disamba na 1940 aka haɗa ƙananan rundunoni biyu aka kafa GRB1 a ƙarƙashin Kwamanda Jean Astier de Villatte, wani sashe a Fort-Lamy, wani a Maiduguri. Blenheim yana da inji biyu, yana ɗaukar bam na kimanin kilo 450. Don sararin Turai aka ƙera shi, inda matuƙi kan leƙa ƙasa ya ga kogi ko layin dogo ya gane inda yake.

A arewacin Chadi babu ko ɗaya. Daga filin Ounianga Kébir, inda jiragen ke tashi, zuwa Kufra ya fi kilomita 600, yawancinsa rairayi da duwatsu masu kama da juna. Taswirorin da ke hannu ba su da cikakken bayani. Mai duba hanya ya dogara ne da kamfas da agogo da lissafin gudun jirgi, kuma in iska ta ture jirgin gefe ba a sani ba, kuskuren ɗan kaɗan a farko yakan zama nisan kilomita masu yawa bayan awa biyu. Wanda ya san hazon Fabrairu a Marwa ko Garwa ya san yadda ƙura ke rufe ido. Ga mai kuma a ƙididdige yake: wanda ya wuce filin sauka bai gan shi ba, ba shi da isasshen man da zai yi ta kewaye yana nema.

An kai hari na farko ranar 2 ga Fabrairu. A na ranar 5 ga wata ne hanya ta ɓace wa Claron da abokansa wajen dawowa, suka sauka cikin hamada da ransu. An neme su ba a same su ba.

Devin ya riƙa rubuta abin da ke faruwa a ɗan littafinsa na aljihu, kuma daga nan ne aka san sun yi kusan wata guda suna tsimin ruwa da abinci, suna jiran agaji. Rubutun ya tsaya a farkon Maris. Abin tausayi shi ne, a daidai kwanakin nan yaƙin da suka fito dominsa ya ƙare da nasara: Italiyawan da ke ganuwar El Tag sun miƙa wuya ranar 1 ga Maris 1941, washegari Leclerc ya yi rantsuwar nan ta Kufra, cewa ba za su ajiye makami ba sai tutar Faransa ta koma birnin Strasbourg. Rundunar da ta ci Kufra mutum 400 ne ko kusa da haka, kuma kashi uku cikin huɗu 'yan Afirka ne, akasarinsu daga Chadi, abin da ba kasafai ake ambata ba in ana bikin tunawa.

Sai a 1959 sojojin sintiri suka ci karo da jirgin da gawawwakin mutum ukun, shekara 18 bayan ɓacewarsu. Daga baya aka kai su Faransa.

Ba su kaɗai hamadar Libiya ta yi wa haka ba. Jirgin Amurka mai suna Lady Be Good, ƙirar B-24, ya wuce sansaninsa cikin dare a watan Afrilu na 1943 da mutum tara, ba a hango shi ba sai a 1958. Ita kuwa GRB1 ta ci gaba da yaƙi, kuma kafin ƙarshen 1941 aka sake mata suna zuwa Lorraine.