Ƙyallen Koyon Ɗinki a Tarihin Ilmin Mata: Daga Meziko zuwa Sabon Garin Kano

Masu nazarin tarihi sun saba dogara ga littattafan malamai da takardun gwamnati da bakin dattawa. Amma akwai wata shaida da ba a cika kulawa da ita ba, wato ɗan ƙyallen da yarinya take koyon ɗinki a kansa. Hausawa kuwa sun ce kada a raina allura, ƙarfe ce.

A ƙasar Meziko, wadda Sifaniyawa suka ci da yaƙi a 1521, an mai da aikin allura wani ginshiƙi na tarbiyyar 'ya mace. A ƙarni na 18 da na 19 'yan mata sukan ɗinka abin da suke kira dechado, wato ƙyallen misali, a gida ko a makarantu irin su Vizcaínas da aka buɗe a birnin Meziko a 1767. Yarinya takan jera salon ɗinki iri iri da zaren alharini, ta zana furanni da tsuntsaye da dabbobi, wani lokaci ta rufe da sunanta da shekarar da ta gama. Ke nan ƙyallen ya yi kama da allon zayyana na mai saukar karatu: shaidar ƙwarewa ce da ake adanawa. Da yawa suna ajiye yau a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, kuma da su masana suke gane abin da aka koya wa mata da irin zaren da fatauci ya kawo.

A Kano kuwa sana'ar allura ta girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Da Heinrich Barth ya zo a 1851, ya tarar tufafin Kano sun kai har Timbuktu da Tarabulus. Sai dai aikin babbar riga, irin aska biyu da aska takwas, na maza ne, galibi malamai da almajiransu, da zaren tsamiya ko alharinin da ayari yake kawowa ta Sahara. Rabon mata shi ne kaɗi da saƙar zane. Mai koyo kuma ba ya bukatar ƙyallen gwaji, domin gwani ne yake zana masa a jikin rigar, shi kuwa ya bi.

Sauyi ya zo tare da jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Wajen 1913 aka kafa Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas, kwarori kuma suka kafa kantunan yadi a Fagge. Makarantun mishan da suka biyo waɗannan baƙi sun zo da tsarin Ingila, inda ɗinki darasi ne na 'yan mata, a bai wa kowace ƙyalle ta jera sahun ɗinki, malama ta duba. A 1930 gwamnati ta buɗe makarantun mata na farko a Kano da Katsina, aikin hannu na cikin manyan darussa, sa'an nan a 1948 'yan zuhudu na St Louis suka iso daga Ayalan suka kafa tasu makarantar. Ga iyaye masu ɗari-ɗari da boko, allura ta zama hujjar da ta sauƙaƙa barin yarinya ta je aji.

Abin da aka koya bai tsaya a aji ba. Zare mai launi na kantunan Fagge da kasuwar Sabon Gari ya shiga gidajen birni, mata suka riƙa ƙawata zanen gado da rigar matashi da furanni da tsuntsaye domin kayan ɗakin amarya. Daga baya matan kulle suka shiga ɗinkin hula, wanda da can na maza ne, ya zama musu hanyar samun kuɗin kansu. David Heathcote na Jami'ar Ahmadu Bello ya tattara ayyukan ɗinkin Hausawa, ya baje kolinsu a Landan a 1976.

To, a nan bambancin yake. Yarinyar Meziko ta sa sunanta, danginta suka adana. Aikin yarinyar Kano kuwa don amfani aka yi shi: a shimfiɗa, a wanke, ya koɗe, ya zama tsumma. Bugu da ƙari, rikicin 1966 ya kori dubban mazauna Sabon Gari, kayan gidaje da yawa suka salwanta. Saboda haka sunayen sarakuna da attajirai sun cika littattafai, amma hannun da ya riƙe allura ba shi da suna.

Gyara bai gagara ba tukuna. Har yanzu akwai tsofaffin adudai da akwatunan kakanni a Fagge da Sabon Gari da cikin birni. Ɗalibin da ya sami tsohon ɗinki ya kamata ya rubuta wadda ta yi shi, da inda ta koya, da shekarar aurenta, tun masu ba da labarin suna raye. Ma'aikatan ilmi da na gidan tarihi na Gidan Makama kuma su tanadi wurin karɓa da adanawa. Ƙyallen da ba a san mai shi ba ado ne kawai. Wanda aka san mai shi kuwa takardar tarihi ce.